Amsa: Sabon injin ces ko sabuwar laftof?

Malam, ka ce kana da Stockfish 16, injin da ke buga ces da nazarin wasa, a laftof mai RAM 8 GB, kana son zuwa kasuwar Banex ta Abuja ka sayo babbar laftof, ka haɗa da manhajar ces ta kuɗi, don ka ga sabon fitar Stockfish ya sauko. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

Wannan ciwon duk mai buga ces ya san shi: da an ƙara lamba ɗaya a sunan inji, sai na hannunka ya zama kamar tsohon rediyo. To amma Magnus Carlsen, tsohon zakaran ces na duniya, a ƙololuwarsa a 2014, maki 2882 ya kai. Stockfish ya haura 3500 a jadawalin injina. Tun 2006 injin Deep Fritz ya doke zakaran duniya na lokacin, Kramnik, 4 da 2. Bambancin Stockfish 16 da 17 sai inji da inji suke ganinsa. Kai da ni duka biyun za su kwashe mu kafin shayi ya huce. Kuma Stockfish kyauta ne. Injin Fat Fritz 2 da aka sayar a 2021 ma, tushensa Stockfish ne.

Inda matsalar take, saitin ne. Injin yana zuwa da Threads (yawan kawunan ƙwaƙwalwar kwamfuta da zai yi aiki da su) 1, Hash (rabon RAM da yake ajiye lissafinsa) 16 MB, wato mota ce a giya ɗaya. Idan kwakwalwar kwamfutarka mai kai huɗu ce, sa Threads 3, ka bar ɗaya ga Windows, in ba haka ba linzami zai riƙa maƙalewa. Hash ka ba shi 2048. Kar ka zuba 6000 don haɗama; RAM zai cika, ta koma rubutu a faifai, gudun ya mutu. Wajen saukewa za ka ga nau'o'in Stockfish daidai da irin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗauki na AVX2. Na BMI2 yana ja da baya a tsofaffin ƙwaƙwalen kwamfuta na Ryzen, waɗanda suka riga ƙirar Zen 3.

Sai zafi. Laftof a kan katifa, a Maris ɗin Abuja, minti kaɗan za ka ji fanka na kuka, yawan matsayin allo da injin ke lissafawa a sakan ya faɗi. Ɗaga bayanta da littafi biyu, ka jona caja, don a batir da kanta take rage ƙarfi.

Teburin Syzygy, wato lissafaffun amsoshin ƙarshen wasa, na ƴaƴa 3 zuwa 5 bai kai 1 GB ba, sauke shi. Na 6 wajen 150 GB ne, ɓarnar data. Leela kuwa, wani injin ces daban, sai da katin hoto mai ƙarfi, manta da ita.

Wani abu da ke ruɗa mutane: daga Stockfish 15.1 an sake ma'aunin lambobin da ke nuna wa ke kan gaba, +1.00 yanzu na nufin rabin damar cin wasa. Sai mutum ya ga lamba ta canja, ya ɗauka sabon ya fi gani.

Bayan wasa, fara bi da kanka, inji a kashe, ka rubuta wurare uku da kake zargi. Sannan ka kunna, MultiPV a 3 don ya nuna maka motsi uku mafi kyau, ka buga motsin da ka so yi, ka ga da me zai kama ka. Ko manhajar ces ta Lichess a waya ya isa wannan.