Amana a shagon aski

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ladubban kasuwanci na Musulunci sun shafi ƙaramin shagon aski. Sun shafe shi sosai, kuma daga reza ake farawa. Idan ka ce wa mutum sabuwa ce alhali an aske wani da ita, ka yi algus, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ga cutarwa kuma: ciwon hanta nau'in B yana bin ɗigon jinin da ido ba ya gani. Ka ɓare sabuwa a gabansa, ka tsaftace bakin injin bayan kowane kai.

A faɗi kuɗin aski kafin a zauna, kada mai hali ya tsallake layi. Yaron shagonka ka biya shi hakkinsa a kan lokaci, don Allah.