Fenti ya yi ƙuraje bayan damina ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da Fijo 504 fikof da na gada wurin mahaifina, da ita nake ɗaukar taki da awaki zuwa kasuwa. Bara na kai aka yi mata sabon fenti, na kashe kuɗi ba kaɗan ba. Damina ɗaya kawai ta wuce, ƙasan ƙofofi da bakin madigadi sun yi ƙuraje, in na danna da yatsa jan ruwa ke fitowa. Mai fentin ya ce fentin ne jabu. In sayi mai tsada a sake fesawa ne?
Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna makoma. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Ko fentin da ya fi kowanne tsada aka fesa a kan wannan wurin, damina mai zuwa ƙurajen za su dawo, don ciwon ba a fenti yake ba, a ƙarƙashinsa yake. Tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da ruwa da iska ya ruɓe, kuma idan ta yi sai ta kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take ɗaga fenti daga ciki. Jan ruwan nan da kake gani shaida ce cewa rufe ta aka yi da ranta.

Kafin ka koma wurin kowa, nemo ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya kama gam, ƙarfe ne. Inda ya sulale ya faɗi, an lafta fila mai kauri, wato kwaɓin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Na taɓa kankare bakin madigadin wata Fijo irin taka, ina cikin gogewa sai ga takardar buhun siminti an cusa a rami an shafe da fila, kaurinta ya kai ɗan yatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don mai motar dattijo ne da ya sayar da rago ya biya wannan aikin. Fila tana shan ruwa. Amfaninta ta cike ƴan lotsawa a kan ƙarfe mai lafiya, kuma ni ba na son ta wuce milimita 3.

To ga yadda nake yi, kai ma ka tsaya a kai a yi maka haka a gabanka. A kankare wurin da injin gogewa ko sanfefa mai lamba 80 har sai farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, a wuce iyakar tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu, don tana rarrafe a ƙarƙashin fentin da ido ke gani lafiya lau. Inda ƙarfen ya huje, ko ya yi laushi har sukudireba na shiga, babu maganinsa sai yanka. A yanke, a sa sabon falle a yi walda. Nan ne mutane da yawa ke yin asara: zafin walda yana ƙone fentin da ke bayan ƙarfen ta ciki, in ba a buɗe ƙofar an shafe cikin ba, daga can sabuwar tsatsa za ta faro.

Ƙananan ramukan da sanfefa ba ta kai gindinsu, kamar zanzana, su ake shafa wa maganin tsatsa. Yawancinsa da sinadarin fosforik ake yin sa, za ka ga wurin ya koma baƙi, alamar ya ci. Amma siririyar tsatsa yake kashewa. Wadda ta yi ɓawo sai an kankare ta tukuna. Ka bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin game da wankewa da bushewa. Daga nan a goge da tina, kuma kada kowa ya sake dafa wurin da hannu, gumi gishiri ne.

A ranar da aka kankare, a ranar za a fesa fentin ƙasa, wato wanda ake fara fesawa a kan ƙarfe kafin na launi. Farin ƙarfe in ya kwana a fili da damina, da safe za ka tarar ya yi ja. Ka nemi na ifoksi mai haɗi biyu, shi ne ke toshe ruwa. Wancan mai ruwan toka da aka saba da shi yana tsotsar danshi, don haka motar da aka bari tana yawo wata guda da shi a jiki ta riga ta fara ruɓa. Bayan shi sai fila ƴar kaɗan, a goge da sanfefa mai lamba 180 sannan 320, a sake fentin ƙasa, a lallaɓa da 600, sai launi. Na fi son feshi da safe bayan damina ta ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauko, a yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Mai feshin ya sa abin rufe hanci na gaske mai matata, don fenti mai haɗi biyu yana lalata huhu, ƙyalle ba ya tare shi.

Saura abin da ya kawo ruwan tun farko. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƴan ramuka da aka yi don ruwan da ya bi gilashi ya fice. Laka na toshe su, ƙofar ta zama randa. Ka zura waya ka buɗe su. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba ko akwai danshi, ka leƙa mazaunin batir, don ruwan batir ya fi komai saurin cin ƙarfe. Bayan motar kuma, takin zamani da fitsarin awaki duka maƙiyan ƙarfe ne, ka riƙa shimfiɗa tamfol, ka wanke duk ranar da ka dawo daga kasuwa.

Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma 504 da yawa da suka rayu a arewa ƙarfensu na nan da ƙwari saboda bushewar iskarmu, ba kamar ƴan Kwatano da suka sha gishirin da ake zuba wa tituna a Turai lokacin ƙanƙara ba. Duk da haka ka sa a ɗaga taka a duba shasi da inda sifirin ke kamawa kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya. In can ya ci, da shi za a fara, ƙofofin su jira.