Tambaya da Amsa: Sau uku ina zuwa tenkara, ko kifi ɗaya ban kama ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gifu ta ƙasar Jafan, wani abokin karatuna ya ja ni kamun kifin tirawut a ƙoramar dutse da fatsarsu da suke ce wa tenkara. Na taso ina fatsa a gida amma wallahi zuwa uku ko taɓawa kifi bai yi ba, sai zare ya yi ta sarƙewa a bishiya. Ko dai in ƙaro wasu kalolin ƙudan roba ne? Ɗan'uwanku daga Gifu.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ajiye kuɗinka tukuna, matsalar ba daga ƙudan take ba.

Tenkara kayanta uku ne kacal, sanda da zare da ƙugiya mai gashi mai kama da ƙwaro wadda suke kira kebari, wato ƙudan da kake magana, babu injin naɗe zare, a bakin sandar ake ɗaure shi kamar dai fatsarmu. Masuntan kan duwatsun Jafan da suke kama yamame da iwana, wato kifayen ƙorama dangin tirawut, su sayar, da sandar gora da zaren gashin wutsiyar doki suka yi ta, kuma har yau manyan gwanayenta irin su Dakta Hisao Ishigaki kusan kebari iri ɗaya suke amfani da shi. To ka ga ai ba yawan kala ba ne.

Inda hannunka na gida yake cutar ka shi ne, mu mun saba a sa tana a jefa a zauna jira. Nan ba a zama. Kuma kifin nan a ruwa garai-garai yake, kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa don ta nan abinci ke zuwa masa, kai kuma in ka ɓullo ta gabansa a tsaye ƙiƙam da farar riga inuwarka ta faɗa ruwa, ya riga ya shige ƙarƙashin dutse kafin ma ka buɗe sanda. Ka faro daga ƙasa kana haurawa sama, ta bayansa, a duƙe, ba gaggawa.

Sai babban abin, zaren. Sandar nan da ka ga ta kai wajen mita 3.6 ba don ado ba ne, don ka ɗaga ta sama ne zaren ya rataya a iska, kebari kaɗai da ɗan siririn zaren ƙarshe su taɓa ruwa. Da zarar ka bar zare ya kwanta, ruwa zai ja shi, ƙudan ya riƙa gudu ba irin na ƙwaro ba, kifi kuwa ba wawa ba ne. Ka jefa bayan dutse ko inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ka bar shi ya bi ruwa daƙiƙa uku zuwa huɗu, ka ɗauke ka sake. Jifa kaɗan ba motsi, yi gaba. Wani lokacin ba za ka ji komai a hannu ba, zaren ne kawai zai tsaya ko ya karkace, nan take ka ɗan ɗaga sanda, ba fizga ba.

Zancen bishiya kuwa kowa ya sha, ka riƙa waiwayawa sama da baya kafin jifa, ka fara da zare daidai tsawon sandar. In ya maƙale kar ka ja da sanda, bakinta zai karye, naɗe ta tukuna ka ja zaren da hannu.

Af, ka tabbata ka sayi takardar izinin kamun kifi ta ƙungiyar masuntan yankin, kuma galibin ƙoramun nan ana rufe su daga kaka har a fita sanyi, abokin naka zai san ranakun.