Tambaya da Amsa: Guruf ɗin WhatsApp na mata masu zuwa awo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙaramar hukumar Jahun. Ina so in buɗe guruf a WhatsApp na matan da ke zuwa awo da masu kawo yara rigakafi, in riƙa tuna musu ranakunsu, ina kuma wayar musu da kai. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ki fara da tambayar kowace mace: lambar nan da kika ba ni, wayar wa ce? A ƙauyukanmu sau da yawa babbar wayar ta maigida ce ko ta ƙaninsa, tana yini a kasuwa ko a shagon mai caji, sai bayan isha'i ta shigo gida. Saƙon da kika aika wa mai ciki, ƙila mutum biyu sun saurara kafin ya kai kunnenta. Ga shi kuma a cikin guruf kowa na ganin lambar kowa.

Don haka guruf na karantarwa ne kawai. Sakamakon gwajin jini, hoton katin awo, ko cewa wance ta yi ɓari, kada ko ɗaya ya shiga ciki, ko da mai abin ce ta nema. Maganar da ta fita a ƙauye ba ta komawa, kuma matar da aka ji sirrinta sau ɗaya da wuya ta sake taka asibiti. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Kada ki saka kowa sai da yardarta, maigidanta kuma ya sani.

A saitin guruf ki zaɓi cewa masu kula da shi kaɗai ne za su iya tura saƙo, sai ki riƙa buɗewa ranar da kika ware don tambayoyi. In kin bar shi a buɗe, gaisuwar Juma'a da tallan atamfa za su binne sanarwarki.

Ki yi amfani da saƙon murya, gajere, magana ɗaya a kowane saƙo. Wadda ba ta karatun boko za ta fahimta, kuma bai cin data kamar bidiyo. Misali, yau ki ce musu rigakafin yaro ana farawa ne da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sannan na ƙyanda a wata 9. Wani satin ki yi kan alamomin haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, jijjiga. Nan ki nanata da babbar murya cewa wadda ta ga ɗaya daga ciki a kawo ta asibiti nan take, kada a tsaya naɗar murya ana jiran amsarki, don ƙila a lokacin ba ki da sabis.

Jita-jita kan allura za ta zo, ki sa ran haka. Ki nuna musu kibau biyun da WhatsApp ke sakawa a kan saƙon da ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ki ce duk mai irin wannan alama a tambaye ki kafin a yarda.

Ki kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp ɗinki, wato lambar sirri da za ki zaɓa da kanki a saitinsa, kuma lambobi shida da WhatsApp ke turowa kada ki karanta wa kowa, ko ya ce daga ofis yake. Da su ake ƙwace guruf a shiga damfarar mutane da sunanki. Masu ƙananan wayoyi kuwa, ki haɗa su da ungozomar unguwarsu ko maƙwabciyar da ke cikin guruf, ta riƙa kunna musu saƙon.