Ku Tambayi Mama: Ina ɗaura zane a kan wando idan mahaifiyata ta kira

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar Kagoro ce, shekarata 27, ina aikin jinya a wani asibiti a Ingila, yau shekara biyu ke nan. A gida ina cikin mawaƙan ikkilisiyarmu ta ECWA, amma a nan ko mutum ɗaya a wurin aiki bai san ni Kirista ba ce. Ran Juma'a nakan bi abokan aiki mashaya, yawanci lemo nake sha, amma sau biyu na kurɓi giya. In sun tambaye ni yadda na yi Lahadi, sai in ce barci na sha, alhali coci na je. In mahaifiyata ta kira ta bidiyo kuma, da gudu nake ɗaura zane a kan wando, in yafa ɗankwali. Wata abokiyar aikina ta ce mutum ya bi abin da ransa ke so kawai, shi ne gaskiya. Mama, na gaji. In daina nuna tsarkin da ba na ji a raina ne, ko yaya?

Daga 'yarki a Ingila.

AMSA: 'Yata, sannu da aiki, sannu da sanyi. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma ba giyar ce ta tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙarya biyu da kike yi, masu kallon gabas da yamma. Turawa kina ɓoye musu cocinki, uwarki kina ɓoye mata wandonki. Mai riƙe da ƙofa biyu da hannu biyu dole kafaɗa ta yi tsami. Ba tsarki ne ya gajiyar da ke ba, gadin ƙofofin nan ne.

Bari in fara da wandon, don shi ne mai sauƙi. Kayan aikinki ne, ga kuma hunturun da zane ba ya tare shi. Mu iyayenku mun haɗa al'adarmu da umarnin Allah mun ƙulle a ɗankwali ɗaya, har mu kanmu ba ma iya bambance su. Ni da nake miki magana na yi shekara biyu ina sanye da kayan Zumuntar Mata, fes, ina jan waƙa a gaban jama'a, alhali ko gaisuwa ba na yi da facalata saboda rigimar gona. Kowa na cewa ga mace mai tsoron Allah. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Da za a auna, wandonki ya fi zanena na wancan lokaci tsabta. Ki faɗa wa mahaifiyarki gaskiya. Za ta yi faɗa, wataƙila ta kai ƙara wurin matar fasto, amma za ta huce.

Yanzu ga babbar maganar. Na san inda kike ba Kagoro ba ne. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi, kashi 37 kuwa suka ce ba su da addini. A can zuwa coci ba ya ƙara wa mutum daraja yadda yake yi a nan, wani ma kallon ɗan ƙauye zai yi miki. Kuma ƙa'idar aikinku ta hana ku cusa wa majiyyaci addininku, wannan kuwa daidai ne, ki kiyaye ta. Amma babu ƙa'idar da ta ce in abokiyar aiki ta tambaye ki Lahadinki ki ce barci. "Coci na je, mun yi waƙa, mun ci shinkafa." Shi ke nan. Ba wa'azi aka ce ki yi ba.

Ki buɗe littafin Daniyel, sura ta 1. Saurayi ne da aka kwashe zuwa Babila. Suka sake masa suna ya zama Belteshazzar, bai yi gardama ba. Suka sa shi makarantarsu shekara uku, ya koyi harshensu da iliminsu, ya shiga aikin gwamnatinsu har ya yi girma a ciki. Wuri ɗaya ya ja layi, a kan abincin sarki da ruwan inabinsa, kuma ko nan bai yi hayaniya ba, roƙo ya yi a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa. A sura ta 6, da aka hana addu'a, ya durƙusa sau uku a rana, tagoginsa a buɗe, yadda ya saba. Bai buɗe tagar don a gan shi ba, bai kuma rufe ta don tsoro ba. Ke taki tagar kin rufe ta tun ba a kafa wata doka ba.

Abokiyarki ta faɗi rabin gaskiya. Allah ba ya son wasan kwaikwayo. A Luka 18 mai karɓar haraji da ya bugi ƙirji ya amsa laifinsa shi aka karɓa, ba Bafarisiyen da ya jero kyawawan ayyukansa ba. Amma ki tambaye ta: ran da ta tashi ba ta jin zuwa aiki, ta daure ta je ta wanke wa tsoho gyambo, munafunci ta yi? Alkawari ta cika. Abin da rai ke so da safe daban, da yamma daban. Ranar da kika je sujada zuciyarki a bushe, ki ce wa Allah a bushe take. Zabura ta 88 haka take daga farko har ƙarshe, kuka ne ba rarrashi, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba.

Giya kuwa, kin san matsayin ikkilisiyarki, kin kuma ga Kiristocin can da yawa suna sha ba su ɗauke shi komai ba. Ni ba na sha, ba kuma zan ba ki shawarar sha ba. Tambayata ɗaya ce: da kika kurɓa, so kika yi ko kunyar cewa a'a kika ji? In kunya ce, to ita ce za ta ja ki zuwa abin da ya fi kwalba nauyi. Zama da su kuwa ban hana ki ba, abokan aikinki ne, kaɗaici ma ciwo ne. Ki sha lemonki, ki yi dariya, in hira ta fara lalacewa ki ɗauki jakarki.

Ki nemi mace ɗaya a cocin da kike zuwa, wadda ta girme ki, ki karanta mata wasiƙar nan da bakinki. Sannan Litinin mai zuwa, in an tambaye ki Lahadi, ki ba da amsa ta gaskiya, ki rubuto mini abin da suka ce. Ki gaishe mini da mahaifiyarki in ta kira, kina sanye da wandon.