Kifina na mutuwa, ganyen kuma ya ƙi girma

Tambaya: Wani manomi daga karkarar Ringim ya rubuto cewa ya kafa tankin lita 1,000 a bayan gida, ya cika shi da 'ya'yan tarwaɗa. Famfo na tura ruwan zuwa rabin durom mai tsakuwa inda ya dasa alayyafo da latas, sannan ruwan ya komo tanki. Ko mako biyu ba a yi ba kifi suka fara mutuwa, ganyen ya yi rawaya. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka zuba kifi da yawa tun tsakuwar ba ta nuna ba, wato ƙwayoyin da ke tace ruwan ba su yawaita a jikinta ba.

Shuka ba ta iya tace dattin kifi ita kaɗai. Kifi na fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin tsakuwa su ke juya ta zuwa naitirait, shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, takin da saiwa ke sha. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6, da hunturu ma ya fi haka. Ka kuwa san tarwaɗa da ci da kashi. Shi ya sa kifin ke shan guba, ganyen na zaune da yunwa.

Yanzu ka tsame matattun, ka dakatar da abinci kwana biyu, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan da na rijiya. Ka rage kifin sosai. Ko sun girma, kada nauyinsu ya wuce kilo 20 a tanki irin naka.

Ina roƙonka, kada ka wanke tsakuwar don ka ga ta yi santsi. Wannan santsin shi ne gidan ƙwayoyin. Haka famfo: in ya tsaya dare guda, tarwaɗa za ta leƙo sama ta shaƙi iska, su kuwa ƙwayoyin ba su da wannan dabarar. A ƙauye, sola da batir sun fi wutar layi tabbas.

Maganin feshi kuma ko kusa, don cikin tanki zai gangara. Ka tsince tsutsa da hannu. Kafin zafin Afrilu ka yi wa tankin rumfar zana, ka bar ganyen ya sha ranar safe.