Ɗana ba ya barci sai biyun dare, in ci gaba da ba shi ƙwayar kemis?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 15. Tun da babansa ya saya masa waya ba ya runtsawa sai ƙarfe biyu na dare. Da ƙyar muke tashinsa sallar asuba, a makaranta kuma an ce gyangyaɗi yake yi. Na ƙwace wayar kwana biyu, amma sai ya kwanta yana ta juye-juye. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni diazepam, ya ce in riƙa ba shi ɗaya kullum da dare. Ya sha sau uku. Hankalina bai kwanta ba, in ci gaba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki tsayar da ƙwayar nan daga daren yau. Tunda sau uku kawai ya sha, tsayarwar ba za ta cutar da shi ba.

Juye-juyen da kika gani ba ciwo ba ne. Idan yaro ya balaga, agogon jikinsa yakan ja baya da awa ɗaya zuwa biyu, sinadarin melatonin mai kawo barci ya riƙa makara wajen fitowa. Hasken waya dab da fuska yana ƙara jinkirta shi. Amma abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna: wasan gem, hira a WhatsApp, bidiyon TikTok da ba ya ƙarewa, ga kuma datar dare mai arha da ke sa yara jiran tsakar dare da gangan. Jikin da ya yi watanni yana kwanciya ƙarfe biyu ba zai koma ƙarfe goma a kwana biyu ba.

Yanzu ga maganar ƙwaya, wadda ita ce ta fi damuna, domin kullum sai an zo asibiti da irinta. Mutane sun ɗauka duk wanda ya rufe ido ya daina motsi to barci yake yi. Ba haka ba ne. Diazepam bugar da ƙwaƙwalwa yake yi, kuma yana rage barci mai nauyi na farkon dare, wanda a cikinsa ne jiki ya fi fitar da sinadarin girma. Sannan ba ya barin jiki da wuri, yakan wuce kwana guda yana yawo a jini. Wato yaron da ake kuka yana gyangyaɗi a aji, an ƙara masa abin da zai sa shi gyangyaɗin, ya kuma rage masa riƙe karatu. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ta daina aiki, sai biyu. Idan aka rasa ta, rashin barcin ya dawo fiye da na da, da faɗuwar gaba da rawar hannu, wani ma har jijjiga irin ta farfaɗiya. In kuwa ta haɗu da kodin ko tiramadol, numfashi na iya tsayawa cikin barci.

Wannan magani ne da doka ba ta yarda a sayar ba sai da takardar likita. Mai kemis ɗin bai ga yaron ba, bai tambayi ko yana shan wani abu ba, ya ƙirga ƙwaya ya zuba a leda. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Arewa, har gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, amma har yau uwa ce za a miƙa wa ƙwayar maye ta kai wa ɗanta da hannunta, da sunan taimako. Kada kuma wata maƙwabciya ta ce ki koma Piriton wai shi mai sauƙi ne. Maganin mura da ƙaiƙayi ne, cikin 'yan kwanaki jiki yake sabawa da shi, ya bar yaro da bushewar baki da nauyin kai da safe.

Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Mai tashi asuba ƙarfe biyar da rabi, ya kamata tara da rabi ta same shi a shimfiɗa. Ba a dare ɗaya za ku kai can ba. Ku fara da lokacin tashi, ku tsayar da shi kullum har Asabar da Lahadi, kada bambancin ya wuce awa ɗaya. Da rana ta fito ya zauna a tsakar gida minti 20 zuwa 30, hasken safe shi ne ke jawo agogon jiki gaba. Lokacin kwanciya kuma a riƙa matso da shi da minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku.

Wayar ta bar hannunsa awa ɗaya kafin kwanciya, ta kwana tana caji a ɗakinki. In ya ce da ita yake tashi, saya masa ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Ku yi maganar da rana, tare da babansa, ba da faɗan tsakar dare ba, kuma dokar za ta fi kama shi in ya ga ku ma kun ajiye naku. Bayan azahar babu Nescafe, babu shayi mai kauri, babu lemon ƙara kuzari, domin rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan a jini bayan awa biyar. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kafin la'asar.

Makon farko zai yi wuya, zai yi fushi, zai yi hamma. Ki daure. In an yi wata guda babu canji, ko yana minshari har numfashi na ɗaukewa, ko ya janye daga mutane ya daina cin abinci, ki kawo shi asibiti. Ga iyayen da ɗansu ya riga ya yi makonni yana shan ƙwayar kullum kuwa, kada ku tsayar farat ɗaya. Ku zo da ledar maganin, likita ya rage masa a hankali.